Na haɗa kanel ɗina na Linux, laftof ta ƙi tashi, ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Malam, barka da warhaka. Ni ɗalibi ne, ina amfani da Ubuntu 22.04 a laftof mai diskin NVMe. Na sauko da kanel 6.6 daga kernel.org don in koyi yadda ake haɗa shi, na yi make defconfig, na yi make, na yi sudo make install. Da na sake kunnawa sai ya tsaya da wannan rubutun: Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0). Sai na sake daga farko, wannan karon na kwafi kwanfig ɗin Ubuntu daga /boot na yi olddefconfig, na kwana ina jiran ya gama, na yi modules_install da install. Yanzu kuma ko wancan rubutun ma ba na gani, yana rubuta Loading initial ramdisk sai allo ya yi baƙi shi kenan. Tsohon kanel ɗin yana tashi lafiya lau. Don Allah ina matsalar take, ko dai kanel ɗin ne bai dace da na'urata ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka kadai. Da farko dai madalla da ka bar tsohon kanel ɗin, wato zuciyar Linux mai sarrafa kayan na'ura, a wurinsa, kada ka taɓa shi ko da sabon ya zo ya tashi, domin da shi za mu yi duk binciken da zan faɗa maka.

In na fahimce ka da kyau matsala biyu ce ka ci karo da su, ba ɗaya ba, kuma ba su da uwa ɗaya. Ta farko kanel ya tashi har ya yi magana amma bai ga diski ba. Ta biyu ko dai bai samu ya tashi ba sam, ko ya tashi amma ba shi da hanyar rubuta maka komai a allo. Batun ko bai dace da na'urarka ba kuwa, ka cire wannan a ranka, 6.6 ya fito ne a ƙarshen Oktoba 2023 kuma yana cikin waɗanda ake daɗe ana tallafa musu, laftof ɗin da Ubuntu 22.04 ke tashi a kanta da wuya a ce 6.6 bai san kayan cikinta ba. Direbobin suna nan cikin lambar da ka sauko da ita, abin tambaya shi ne ka kunna su, kuma in ka kunna, suna wurin da kanel zai iya kai hannu a lokacin da yake buƙatarsu?

Shawarata tun kafin mu shiga ciki, kada ka ƙara kwana kana jiran make sai ka san a wane mataki tashin ya tsaya. Mafi yawan waɗanda ke kawo min irin wannan matsalar sai sun sake haɗawa suna canza abubuwa da ka, alhali gyaran na minti biyar ne a cikin /boot.

Wa ke miƙa wa wa

In ka danna madannin kunnawa UEFI, wato manhajar da ke jikin na'urar tun daga kamfani, shi ne ke fara riƙe ta, shi zai kira shim, wata 'yar ƙaramar manhajar tsakani, shim ya kira GRUB, mai nuna menun tashi, GRUB kuma ya ɗauko fayil biyu daga /boot ya zuba su a RAM, wato vmlinuz wanda shi ne kanel ɗin kansa da kuma initrd.img. Daga nan GRUB ya gama nasa ya fita. Kanel zai warware kansa, ya buɗe wannan initrd.img ɗin, wato initramfs, wanda ɗan ƙaramin tsarin fayil ne na wucin gadi, ya gudanar da /init da ke ciki, shi kuma /init ya loda modul ɗin diski, ya nemo fatishan ɗinka na root, wato ɓangaren diskin da Ubuntu ke zaune a kai, ya ɗaura shi, sannan ya miƙa wa systemd mai tayar da sauran tsarin. Kowanne daga cikinsu da irin kukansa in ya gaza, shi ya sa rubutun ƙarshe da ka gani a allo yake da daraja, shi ke gaya maka a hannun wa na'urar take lokacin da ta tsaya.

Misali kai Secure Boot, wato tsaron UEFI da ke hana tashin kanel ɗin da ba a sa wa hannu ba, ba ya cikin lissafinka, domin da shi ne GRUB zai ce maka bad shim signature sannan ya ƙara da you need to load the kernel first, ba za ka taɓa ganin Kernel panic ba tunda ba a ma bar kanel ɗin ya fara ba. Wanda ya ga wancan sai ya duba da mokutil --sb-state, ko ya kashe shi a saitin UEFI ko ya sa wa kanel ɗin hannu da makullinsa ya shigar da shi ta mokutil --import.

To me ya sa ake wahalar da initramfs tun farko? Saboda a kwanfig kowane direban da aka kunna ko dai y ne, wato an gina shi a jikin kanel, ko m, wato modul ne da ke zaune a /lib/modules a kan diski. In direban da ke karanta diskin shi ma m ne to yana kan diskin da ba a iya karantawa sai da shi, kamar mutum ya ja ƙofa ta kulle makullin yana cikin ɗaki. Initramfs shi ne wurin da ake ajiye kwafin irin waɗannan modul ɗin a waje, GRUB ya kawo su tare da kanel. Ubuntu da sauran manyan rabe-raben Linux da yawan direbobinsu m ne don kanel ɗaya ya yi aiki a dubban na'urori, don haka ba su da rai sai da initramfs mai kyau.

Karon farko: unknown-block(0,0)

Lambobin nan biyu na cikin baka ba ado ba ne. Lambar na'ura ce yadda kanel ke kiranta, ta farko nau'i ta biyu wace ce a cikin nau'in. In ka ga 8,2 misali, to ya ga diskin, 8 na diskokin sd ne wato sda2 kenan, abin da ya kasa shi ne karanta tsarin fayil ɗin, sai ka nufi CONFIG_EXT4_FS ko btrfs ko duk wanda kake amfani da shi. NVMe yakan fito da 259. Amma 0,0 ma'anarsa bai ga komai ba, an ce masa root yana wuri kaza ya duba bai ga wurin ba. Kuma in ka lura sama kaɗan da layin panic ɗin akwai inda yake cewa here are the available partitions, sai ya jero abin da ya gani. Ka ɗauki hoton allon da waya ka duba wannan wurin sosai. In babu komai a ƙarƙashinsa, direban diski ne babu. In akwai nvme0n1p1 da nvme0n1p2 a jere to direban na nan, root= ɗin da aka ba shi ne ba daidai ba.

Ga wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi. A Ubuntu in initramfs ya lodu lafiya amma aka rasa diski, ba panic za ka gani ba, za ka ga ya ɗan jira sannan ya ce ALERT! UUID kaza does not exist. Dropping to a shell, ya jefa ka cikin BusyBox da alamar initramfs a gefe. Tunda kai panic ka samu kai tsaye, zato na mafi ƙarfi shi ne a karon farko initramfs bai shiga wasan ba kwata-kwata, ko ba a ƙirƙire shi ba, ko GRUB bai sa layinsa ba, ko ya lalace. Kuma a yadda ka jero matakanka ban ga make modules_install ba a wancan karon, ka tsallaka daga make zuwa make install. To make install a Ubuntu yana kiran rubutattun umarnin da ke /etc/kernel/postinst.d ne su gina initramfs su sabunta GRUB, su kuma suna neman foldar /lib/modules mai sunan sabon kanel, in babu ita sai su yi gargaɗi a cikin tarin rubutun da ba wanda ke karantawa.

Sai kuma defconfig. Shi fa bai san laftof ɗinka ba, kwanfig ne na gama-gari da masu aikin kanel ke gwaji da shi. SATA da ext4 yana kunna su a jiki, amma NVMe ka duba da kanka, ka shiga foldar ka rubuta grep NVME .config, a waɗanda suka zo hannuna abin da nake tararwa shi ne CONFIG_BLK_DEV_NVME is not set. Kaga ko da initramfs ɗin ya ginu babu abin da zai saka a ciki. Sannan wasu laftof masu Intel, musamman daga ƙarni na 11, suna ɓoye NVMe ɗin a bayan wani abu da ake kira VMD in an kunna RST, wani tsarin diski na Intel, a saitin UEFI, irin waɗannan sai ka haɗa da CONFIG_VMD ko da NVMe na kunne, in ba haka ba diskin ba zai bayyana ba. Hanyar sanin gaskiya mai sauƙi ce, ka tashi da tsohon kanel ka rubuta lspci -k, zai nuna maka kowace na'ura da layin Kernel driver in use a ƙarƙashinta. Duk sunan da ka gani a ƙarƙashin mai kula da diski, shi ne dole.

Wani tarkon kuma na UUID ne. Kanel shi kaɗai bai iya fassara root=UUID= ba, wannan aikin initramfs ne. Abin da ya iya da kansa shi ne root=/dev/nvme0n1p2 ko root=PARTUUID=, wanda blkid zai ba ka. To in burinka ka yi kanel mai tashi babu initramfs, abin da nake ganin kowane mai koyo ya kamata ya gwada ko sau ɗaya don a nan ne ake gane abin sosai, sai direban diski da tsarin fayil duk su zama y, ka kuma yi amfani da PARTUUID. Amma in root ɗinka yana kan LVM, wani tsarin raba diski, ko an rufe shi da LUKS mai kulle diski da faswad, ka manta da wannan, dole sai da initramfs.

Karo na biyu: baƙin allo

Wannan ya fi cin rai saboda babu rubutun da za ka kama. Amma ka san cewa Loading initial ramdisk ba kanel ne ya rubuta ba, GRUB ne, yana sanar da kai zai fara ɗauko fayil ɗin. Saboda haka bayan wannan layin abu biyu ne ke iya faruwa, ko GRUB ya maƙale yana ɗauka, ko ya miƙa wa kanel shi kuma ya yi shiru.

Ka fara da mai arha. Tashi da tsohon kanel ka rubuta ls -lh /boot ka kwatanta girman initrd.img na Ubuntu da naka. Na Ubuntu yakan kai wajen megabayit 100 ko ƙasa da haka. In ka ga naka ya haura 500 to ga ɓarawon nan. Dalili kuwa kwanfig ɗin Ubuntu yana kunna bayanan dibog, su idan za su yi fakej suna cire waɗannan bayanan daga modul su ajiye daban, kai kuma da ka yi modules_install haka kawai sai kowane modul ya tafi da kayansa a kai, initramfs ya kwashe su duka ya kumbura. GRUB a wasu na'urorin UEFI ba ya iya samun wuri a RAM na fayil mai wannan girman, wani lokaci ya ce out of memory, wani lokaci ya tsaya cak ba ko uffan. Gyaran ba ya buƙatar sake haɗa komai, ka koma foldar ka yi sudo make INSTALL_MOD_STRIP=1 modules_install, sannan sudo update-initramfs -u -k da sunan kanel ɗin kamar yadda yake a /lib/modules, sai sudo update-grub. A yadda ka ba da labarin nan, wannan ne na fi zargi.

Ka haɗa da df -h /boot a lokaci guda. In /boot fatishan ne daban to yawanci ƙarami ne, initramfs mai ƙiba zai cika shi a tsakiyar rubutu ya bar maka guntu. Haka ma in batirin laftof ɗin ya mutu kuma wuta ta ɗauke daidai lokacin da ake rubuta fayil ɗin, wanda a wajenmu ba abin mamaki ba ne ga mai barin na'ura tana aiki cikin dare. Umarnin lsinitramfs a kan fayil ɗin zai gaya maka, in ya jero abin da ke ciki har ƙarshe lafiya, in ya yi kuka to a sake gina shi. Kuma da shi za ka tabbatar nvme na ciki in a kwanfig ɗinka m ne.

To in girman daidai ne fa? Sai mu koma zato na biyu, kanel yana raye allo ne ya mutu. Ka bar shi a baƙin allon na minti biyu ka danna Caps Lock. In fitilar tana kunnuwa tana mutuwa da dannawarka, kanel na nan da ransa. In kuma tana ƙyaftawa da kanta ba ka taɓa ba, panic ne ya faru ba ka dai gani ba. Sannan ka koma tsohon kanel ka rubuta journalctl --list-boots, in ka ga tashin da ya yi daidai da lokacin gwajinka to ashe har systemd an kai, sai ka karanta da journalctl -b -1 -k ka nemi inda direbobin hoto irin i915 ko amdgpu ko nouveau suka yi ƙorafi.

Kuma don Allah ka cire quiet splash. Ban ga amfanin mutum yana binciken tashi ya bar kalmomin da aikinsu shi ne ɓoye masa bayanin tashi ba. A menun GRUB, wanda Esc ke fito da shi a UEFI, ka tsaya kan sabon kanel ka danna e, ka je layin da ya fara da linux, ka goge quiet splash ka sa loglevel=7, sai Ctrl da x. Canjin na wannan tashin ne kawai, ba ya zama. In har yanzu baƙi ne ka ƙara nomodeset, in ya tashi da shi ka tabbata direban hoto ne. In ko da shi ba rubutu, gwada earlycon=efifb, yana sa kanel ya fara rubutu tun da wuri sosai ta hanyar allon da UEFI ya bari, zai yi jan ƙafa amma za ka ga inda ya tsaya.

A ɓangaren kwanfig abubuwan da nake dubawa su ne CONFIG_FRAMEBUFFER_CONSOLE da CONFIG_DRM_FBDEV_EMULATION, sannan ko dai CONFIG_FB_EFI ko kuma CONFIG_SYSFB_SIMPLEFB tare da CONFIG_DRM_SIMPLEDRM. Wanda na fi gani yana cin mutane shi ne a kunna SYSFB_SIMPLEFB a bar SIMPLEDRM a kashe, an ce wa kanel ya miƙa allon ga direban da ba a gina ba, sai allon ya zauna ba mai shi har direban hoto na gaske ya zo, in ya zo. Akwai kuma masu mayar da amdgpu y wai don ya fi sauri, alhali shi yana neman fayilolinsa na /lib/firmware tun a farkon tashi, in ba a cikin initramfs suke ba ko ba a cusa su ta CONFIG_EXTRA_FIRMWARE ba sai ya faɗi ya tafi da allon. Ka bar shi m. Mai katin NVIDIA da direban kamfanin kuma nasa daban ne, sai DKMS, mai gina direbobin da ba sa cikin kanel, ya gina masa modul na sabon kanel, dkms status zai nuna ko ya yi.

Yadda ni nake yi

Ba na sake kunna na'ura da kanel ɗin da ban gwada a QEMU ba, wato manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfutarka. Daga cikin foldar, qemu-system-x86_64 -m 2G -kernel arch/x86/boot/bzImage -append console=ttyS0 -nographic, duk rubutun tashin zai zubo a taminal ɗinka inda za ka iya komawa sama ka karanta a tsanake. Zai ƙare da panic na rashin root, wannan ba komai tunda ba mu ba shi diski ba, abin da muke so mu gani shi ne ya kai har can. In ka ƙara -initrd da fayil ɗinka za ka ga ko ya buɗu, domin in ya ce Initramfs unpacking failed to ko fayil ɗin guntu ne ko nau'in matsewar da aka yi masa ba a kunna shi ba, irin CONFIG_RD_ZSTD, wanda kanel ya fara ganewa daga 5.9. Amma QEMU ba zai gaya maka komai game da NVMe ɗinka ko katin hotonka ba, kayan ƙarya yake nuna wa kanel, iyakarsa ya raba maka tsakanin kanel ya lalace da kanel bai dace da kayana ba.

Na biyu, a Ubuntu da Debian na fi son make bindeb-pkg a kan make install. Yana fito maka da fakej na deb, ka saka da dpkg -i, shi zai kula da modul da initramfs da GRUB a jere ba ka manta mataki ba, bayanan dibog su tafi fakej ɗinsu daban, ranar da ka gaji da shi kuma ka cire da apt ba sai ka bi /boot kana goge fayil da hannu ba. Ka kuma sa wani abu a CONFIG_LOCALVERSION, ko da -gwaji1 ne, don kowane gini ya samu sunansa kada sabo ya taka modul ɗin na jiya. Kuma duk lokacin da make ya tsaya ka rubuta echo $? nan take, in ba 0 ba ne bai gama ba, domin da -j, mai sa make ya yi ayyuka da yawa a lokaci guda, kuskuren yakan wuce sama a rasa shi, musamman na debian/canonical-certs.pem da kwanfig ɗin Ubuntu ke jawowa.

Batun kwana kana jira kuwa, make localmodconfig zai rage maka shi sosai, yana duba modul ɗin da ke lode a yanzu ya kashe sauran. Sai dai abin da ba a jone ba lokacin ba zai shiga ba, don haka ka jona filas da kibod na USB da duk abin da kake amfani da shi tukuna, kada ka zo wurin rubuta faswad kibod ya ƙi amsawa. Daga kwanfig mai tashi ake fara ragewa, kaɗan kaɗan, kana ajiye kwafin wanda ya yi aiki, ranar da ya ƙi sai scripts/diffconfig ya nuna maka bambancin tsakanin biyun.

Ni dai ba na gaban laftof ɗinka, daga nesa iyakata in jera maka zato daga mafi ƙarfi zuwa mai rauni, kuma duk wannan bayanin na kwamfutar x86 ce mai UEFI da GRUB, allunan ARM masu U-Boot nasu tsarin daban ne. In ka yi gyaran INSTALL_MOD_STRIP ɗin ka cire quiet splash amma har yanzu shiru, ka leƙa /var/lib/systemd/pstore daga tsohon kanel, wasu na'urorin suna ajiye rubutun panic na ƙarshe a can. Sai ka turo min abin da ka samu tare da hoton allon, da sakamakon ls -lh /boot da lspci -k, da kuma layin linux da na initrd kamar yadda suke in ka danna e a GRUB, mu duba tare in sha Allah.